Soso, Sifirin ko Auduga: Wace Katifa Ce Ta Dace da Miji da Mata a Katsina?

A Katsina, kamar sauran ƙasar Hausa, ba kasafai ma'aurata suke zaɓar katifarsu ta farko ba. Cikin kayan ɗaki take zuwa: mahaifin amarya ya biya, gwaggonni da 'yan jere su zaɓa, kuma abin da aka fi dubawa a ranar shi ne tudunta a kan gado da kyan yadin da aka lulluɓe ta da shi, domin 'yan ganin ɗaki su yaba. Sai an kwana biyu, tsakiyarta ta lotsa, maigida ya fara tashi sallar asuba yana dafe da kwankwaso, uwargida kuma ta riƙa gangarowa cikin kwarmin da nauyinsa ya haƙa, sannan a zauna a yi shawarar sayen wata. A wannan karon su biyun ne za su zaɓa da kuɗinsu, kuma katifa ɗaya ce za ta ɗauki jiki biyu waɗanda da wuya su zo ɗaya a nauyi, a yanayin kwanciya, ko a jure zafi.

Abin da ya kamata a auna kafin a taya

Abu na farko shi ne yadda katifa take riƙe ƙashin baya. Yawancinmu a gefen dama muke fara kwanciya saboda sunna, mai juna biyu ma kwanciyar gefe ake ba ta shawara idan ciki ya tsufa, kuma a wannan kwanciyar kafaɗa da ƙugu ne suke ɗaukar nauyin jiki. Katifa ta gari takan bar su su ɗan nutse, ta kuma cike gurbin da ke tsakaninsu, har ƙashin baya ya miƙe daga wuya zuwa kwankwaso. Idan ta cika laushi, ƙugu yakan nutse ya bar kafaɗa a sama, bayan ya lanƙwashe. Idan ta cika tauri, kafaɗa takan danne, hannu ya mutu, mutum ya kwana yana juyi. Mai kwanciya rigingine ko rub da ciki ya fi mai kwanciyar gefe buƙatar tauri. Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane cewa mai ciwon baya sai katifa mai tauri kamar daɓe, amma binciken da aka yi a Sifaniya kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2003, ya nuna cewa bayan kwana 90 waɗanda suka kwanta a kan katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba mai tauri sosai.

Na biyu shi ne faɗi. Katifa mai ƙafa 4 da rabi tana da faɗin inci 54, wato kowa ya tashi da inci 27, wanda bai wuce faɗin gadon jariri ba. Mai ƙafa 6 tana ba kowa inci 36. Idan aka tuna cewa a gidajenmu mai shayarwa tana kwana da jaririnta, wani lokaci har da wanda aka yaye yana raɓe a gefe, za a ga cewa shida-shida ita ce mafi ƙanƙantar da ta kamata, muddin ɗakin da gadon za su ɗauka.

Na uku, wanda shi ne aka fi yaudarar mai saye a kansa, shi ne danƙarewar soso, abin da 'yan kasuwa suke kira densiti, wato yawan kilo da ke cikin curin soso mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tudu. Mu kuwa da inci muke ciniki: a ce inci 14, inci 18, inci 20, kamar tudun ne yake kawo ƙarko. Katifa shida-shida mai kaurin inci 10, idan densitinta 18 ne, nauyinta ya ɗan haura kilo 15, amma idan 30 ne za ta kai kilo 25 da rabi. Wannan bambancin na kusan kilo 10 shi ne kayan da za su tsaya wa jiki shekara da shekaru, sauran kuwa iska ce. Katifa mai inci 10 da soso danƙararre ta fi mai inci 20 ta soso mara nauyi, ko da ta biyun ta fi cika ido ranar jere.

Sai zafi da ɗauka, waɗanda a nan garin ba a raba su. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40, ɗaki ya riƙe zafin har tsakar dare, fanka kuma ba kullum ake samun wutar da za ta juya ta ba, don haka gidaje da yawa sukan ja katifa zuwa tsakar gida. Katifar da mutum biyu ba za su iya fitar da ita ta ƙofar ɗaki ba ta riga ta rasa wata uku a cikin shekara. Saura jin motsin abokin kwanciya, da kuɗi, da haɗarin jabu, da na wuta da kuɗin cizo. Game da kuɗi, sinadaran da ake yin soso da su daga waje ake shigo da su, saboda haka tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023 farashin katifa bai zauna wuri ɗaya ba. Lissafin da ya fi amfani shi ne a raba kuɗin da shekarun da za ta yi. A ɗauka, don misali kawai, an sayi ta naira 100,000 ta lotsa a shekara 3, wata kuma ta naira 200,000 ta kai shekara 8: ta farkon ta ci sama da naira 33,000 a shekara, ta biyun 25,000.

Katifar auduga da ta rimi

Ita ce ta iyaye da kakanni, kuma har yanzu akwai masu ɗinkinta. Ba ta da tsada, tana shan gumi, ba ta riƙe zafi kamar soso, ana naɗe ta a fitar da ita waje ba wahala, kuma idan ta lafe ana iya kwance ta a shiɓe audugar a ƙara sabuwa a sake ɗinkewa. Audugar rimi ta fi ta gona sauƙin nauyi da santsi. Aibinta ga ma'aurata shi ne ba ta dawowa bayan an tashi: cikin ɗan lokaci takan yi tudu da kwari daidai inda kowa yake kwanciya, ta dunƙule a wasu wuraren ta yi tauri. Idan fitsarin yaro ya shige ta sai an yi kwanaki ana shanya, ɗinkunanta kuma maɓoya ce ga kuɗin cizo, ƙurarta tana tayar wa mai asma. A ganina ta fi dacewa ta zama katifa ta biyu, ta kwanan tsakar gida a bazara, ba wadda za a ɗora a gado shekara zagaye ba.

Soso: mara nauyi da danƙararre

Wannan shi ne abin da ya cika shagunan Babbar Kasuwa da na bakin titi, kuma a nan ne zaɓin yawancin mutane zai tsaya, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Sunan ɗaya ne, soso, amma kaya biyu ne mabambanta. Mara nauyin shi ne mafi araha cikin katifun kamfani, yana da daɗin kwanciya a makonnin farko, yaro ma zai iya ɗaukarsa a ka. An yi shi ne domin yara, ɗaliban makarantar kwana da ɗakin baƙi. Idan manya biyu suka hau shi kullum, ba ya daɗewa yake yin kwarmi, kuma da zarar soso ya mutu babu mai tayar da shi.

Danƙararren, wanda densitinsa ya kai 28 zuwa sama, ya fi tsada a fili, amma shi ne ya fi daidaita bukatun mutum biyu masu matsakaicin jiki. Yana riƙe ƙugu, yana ɗan sakar wa kafaɗa, kuma soso gaba ɗaya ba ya yaɗa motsi sosai, ta yadda idan maigida ya tashi kiran sallar farko ba lallai ne ya tashi mai jego da ta kwana tana rarrashi ba. Idan ana juya shi sama da ƙasa, kai da ƙafa, duk bayan wata uku, yana iya kaiwa shekara 7 zuwa 10 da aka saba ƙiyasta wa katifa mai kyau. Mutum biyu suna iya fitar da shi tsakar gida. Yana riƙe zafi fiye da auduga, kuma mu da kanmu muke ƙara masa: al'adar barin ledar kamfani a jikin katifa wai don kada ta yi datti tana hana ta shan iska, tana tara gumi a ƙarƙashin zanin gado, ga ƙarar da take yi duk juyi. Ya fi kyau a cire ledar, a ɗinka wa katifar riga ta yadin auduga mai zif, a shimfiɗa 'yar leda a gefen yaro kaɗai.

Haɗarin soso biyu ne. Na farko jabu. Manyan kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, da Mouka, wanda asalinsa ya faro a Kano a 1959, suna da suna, kuma sunan ne masu algus suke bi: a yanko soso mara nauyi a lulluɓe shi da yadi mai kama da na kamfani. Akwai kuma masu cuɗa garin farar ƙasa a cikin soson domin ya yi nauyi a hannu, irinsa kuwa yakan fara marmashewa tun bai tsufa ba, wanda ke nufin nauyi shaida ce amma ba ita kaɗai ba. Maganin shi ne a saya a wurin dilan kamfani, a duba tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, a karɓi rasit da katin garanti, a kuma tambayi nauyin jikin da aka yi samfurin domin ya ɗauka, tunda kamfanonin sukan bayyana shi. A wannan lissafin nauyin wanda ya fi jiki a cikin biyun ake dubawa. Haɗari na biyu wuta. Soso yana kamawa da sauri, hayaƙinsa kuma guba ne, alhali a ɗakunanmu kaskon turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da garwashin jin ɗumi a hunturu duk kusa da gado ake ajiye su.

Otofidik

Wadda ake kira katifar masu ciwon baya yawanci gutsattsarin soso ne da aka haɗa da gam aka matse su da ƙarfi har suka zama curi ɗaya, shi ya sa idan aka leƙa cikinta ake ganin launi-launi. Danƙarewarta ta ninka ta soso na gama-gari, ba ta lotsawa da wuri, kuma ga mai jiki sosai, wanda kowace katifa yake hawa sai ya ji katakon gado, babu kamarta a wannan farashi. Sai dai sunan ba takardar likita ba ce. Idan maigida ƙato ne, uwargida kuma siririya, shi zai ji daɗi, ita kuwa jikinta ba shi da nauyin da zai sa katifar ta sakar mata, sai ta wayi gari da ciwon kafaɗa. Saboda haka ne ake yin mai rabin tauri, wadda aka shimfiɗa wa soso mai laushi a sama, kuma ita ce na fi ba ma'aurata shawara a kai idan har otofidik ɗin za a saya. Nauyinta ma abin dubawa ne: shida-shida mai inci 10 tana iya haura kilo 60, ba a maganar fitar da ita waje, ko juya ta ma sai an nemo samari.

Mai sifirin

Ita ce mai naɗaɗɗun wayoyin ƙarfe a cikinta. Iri biyu ce, kuma wajibi ne a tambaya. Akwai wadda aka sarƙe wayoyinta da juna, ana ce mata Bonnell, akwai kuma wadda kowace waya take cikin aljihunta na yadi ita kaɗai. Dukansu iska tana ratsa cikinsu, don haka sun fi soso sanyi, wanda ba ƙaramin abu ba ne a watan Afrilu. Amma ta farkon, duk inda aka taɓa sai dukanta ta amsa: ɗaya ya juya, ɗayan ya girgiza, mai nauyi kuma ya janyo mara nauyi zuwa gefensa. Mai aljihun ita ce ta warware wannan, domin kowace waya nauyin da ke kanta kaɗai take ɗauka, ta yadda ƙato da siririya za su kwanta kowa katifar ta bi jikinsa. Idan da kuɗi ba matsala ba ne, ita ce amsar ma'aurata masu bambancin jiki. Tana da tsada, ba a lanƙwasa ta, yara masu tsalle a gado suna kashe ta, idan waya ta karye ko ta fara ƙara babu mai gyara a unguwa, kuma cikinta fili ne da kuɗin cizo zai shiga ya gagari magani. Wanda ke Daura ko Dutsin-Ma ya sa kuɗin mota a lissafi, ya kuma tabbata ba a naɗe ta da igiya a saman mota ba.

Soso mai bin jiki da katifar roba

Soso mai bin jiki, wanda aka fara haɗawa a 1966 domin kujerun jiragen hukumar NASA ta Amurka, ɗumin jiki ne yake sa shi ya saki, ya rungumi kafaɗa da ƙugu, kuma babu wanda ya kai shi haɗiye motsi. Wannan halin nasa shi ne matsalarsa a nan: a bazara yakan yi laushi ya riƙe zafi, a sanyin Janairu kuma ya yi tauri sai jiki ya ɗumama shi. Wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da sola ko wata tsayayyar wuta ya yi tunani sau biyu. Katifar roba, wadda ake yi da ƙaron bishiyar roba, ta fi duka ƙarko kuma ta fi shi sanyi, amma ta fi duka tsada, ba ta da yawa a kasuwa, tana da nauyi, rana kuma tana lalata ta, alhali mu shanya ita ce hanyarmu ta tsabtace katifa.

| Iri | Kuɗi | Ƙarko | Zafi a bazara | Jin motsi | Fitarwa waje | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Auduga ko rimi | Araha | Sai ana sake shiɓa | Kaɗan | Kaɗan | Sauƙi | Dunƙulewa, kuɗin cizo |
| Soso mara nauyi | Araha | Gajere | Matsakaici | Gangarowa cikin kwarmi | Sauƙi | Lotsawa da wuri |
| Soso danƙararre | Matsakaici | Mai kyau | Matsakaici | Kaɗan | Mutum biyu | Jabu |
| Otofidik | Sama da matsakaici | Dogo | Matsakaici | Kaɗan | Da wuya | Tauri ga mara jiki |
| Sifirin sarƙaƙƙe | Matsakaici zuwa sama | Matsakaici | Kaɗan | Sosai | Da wuya | Ƙara, karyewar waya |
| Sifirin mai aljihu | Tsada | Mai kyau | Kaɗan | Kaɗan | Da wuya | Babu gyara |
| Mai bin jiki | Tsada | Mai kyau | Sosai | Kusan babu | Da wuya | Zafi |
| Roba | Mafi tsada | Mafi tsawo | Kaɗan | Kaɗan | Da wuya | Rana, ƙarancin samu |

A shago

Mai shago zai tare ka da fara'a ya ce, "Alhaji, danna ka ji, wannan ko jikokinka sai sun gada." Dannawa da tafin hannu ba ta gaya wa kowa komai, domin hannu ba ƙugu ba ne. Gwajin gaskiya shi ne a shimfiɗe ta a ƙasa, a cire takalmi, a kwanta yadda aka saba na kamar minti goma. A kwance rigingine, a zura hannu ƙarƙashin kwankwaso: idan ya shige sakayau katifar ta yi tauri, idan ya ƙi shiga sam ta yi laushi. A zauna a bakinta kamar mai sa safa, a ga ko gefen zai rushe. Matsalar ita ce kunya ba za ta bar Hajiya ta miƙe a kan katifa a gaban mazan kasuwa ba, kuma wannan ne ya sa yawancin katifun gidajenmu jikin maigida kaɗai aka auna su da shi, ko ma ba a auna da na kowa ba. Ana iya roƙon a shigar da katifar ɗakin ajiya a ba su wuri, ko ta gwada irinta a gidan 'yar'uwa, ko a yi sharaɗi da dila tun kafin biya cewa za a musanya idan an dawo da ita da ledarta cikin kwana biyu. A kuma duba gadon kafin a zargi katifa: idan katakan shimfiɗarsa sun yi nisa da juna fiye da inci 3, ko na tsakiya ya lanƙwashe, sabuwar ma a nan za ta lotsa, kuma aikin kafinta ya fi sabuwar katifa araha. Idan kuɗin cizo ne ya kori tsohuwar, a tsabtace gadon da tsagogin bango kafin sabuwa ta shigo, amma kada a jiƙa katifa da fiya-fiya a kwanta a kai, guba ce ga mutum, balle jariri.

Wa ya dace da wacce

Ma'aurata masu matsakaicin jiki, masu kwanciyar gefe, waɗanda sukan fita tsakar gida a bazara, su nemi soso danƙararre shida-shida, inci 8 zuwa 12, su zuba kuɗin a danƙarewa ba a tudu ba. Idan dukansu masu jiki ne, otofidik mai rabin tauri, da 'yar katifar auduga ta zafi a gefe. Idan ɗaya ya fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, ko ɗaya ba ya da nauyin barci, sifirin mai aljihu idan aljihu zai ɗauka. Idan ba zai ɗauka ba, akwai dabarar da ba a cika yi ba amma tana aiki: a sayi katifa biyu masu faɗin ƙafa 3 da kauri ɗaya, kowa da taurin da ya dace da shi, a jera su a gado ɗaya a ɗinka musu riga guda, ga shi kuma kowace ana iya ɗaukarta. Wanda ciwon bayansa yake sauka har ƙafa, ko ƙafar take mutuwa, ya fara da ganin likitan ƙashi kafin ya je kasuwa. Mai bin jiki da ta roba na masu ɗaki mai sanyi ne da wutar da ba ta yankewa. Mai mata biyu, wanda bayansa yake raba kwana tsakanin katifa biyu, ban da maganar adalci, zai fi samun sauƙi idan taurinsu ya zo kusa da juna, amma kowace mata a bar ta ta gwada tata, tunda ita ce take kwana a kai kullum. Mahaifin da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki kuwa, idan kuɗin ya tsaya tsakanin inci 20 mara nauyi da inci 10 danƙararriya, ya ɗauki ta biyun, ya sa kafinta ya ɗaga shimfiɗar gadon domin 'yan ganin ɗaki.